Kareti ya shiga Olamfik ya fita: ina makomar masu neman lamba?

Ran Asabar 7 ga watan Agusta na 2021, a babban zauren Budokan na birnin Tokiyo, aka yi wani dambe wanda har yanzu masu sha'awar wasan kareti ba su gama gardama a kansa ba. Wani saurayi ɗan ƙasar Sa'udiyya mai suna Tareg Hamedi ya kara da Sajjad Ganjzadeh na ƙasar Iran a wasan ƙarshe na masu nauyin da ya wuce kilo 75. Hamedi yana gaba da maki 4 da 1 sai ya ɗaga ƙafa ya kai wa abokin karawarsa shuri a wuya, nan take mutumin Iran ya faɗi sumamme, sai da aka ɗauke shi a makara aka fita da shi. Alƙalai suka taru suka yi shawara, suka yanke hukunci cewa Hamedi ya wuce gona da iri, aka kore shi daga wasan. Watau wanda aka sumar shi ne ya tafi gida da lambar zinariya, wanda ya sumar kuwa sai ta azurfa ya samu. Daga baya hukumar wasanni ta Sa'udiyya ta ba shi riyal miliyan 5, daidai da abin da ta tanadar wa mai zinariya.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gidan dambe, a Kano ne ko a Dei-Dei ko a unguwannin Hausawa na Ikko, zai ji wannan labari kamar almara. A dambe wannan shi ne kisa mai kyau, makaɗa su ɓarke da kiɗa, 'yan kallo su shiga fili da liƙi. To, a kareti na gasa laifi ne babba. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga iyayen da ke zaune a Kudu, domin 'ya'yansu suna dawowa daga makaranta da takardar neman kuɗin farar riga da ɗamara, kuma yana da muhimmanci ga 'yan dambe da masu gidajen dambe waɗanda a 'yan shekarun nan ake ta yi musu alkawarin kai wasansu duniya.

Da farko ya kamata a warware wani ruɗani da ya daɗe. Mutanen da suka yi ƙuruciya a shekarun 1970 da 1980 sun san kareti ne ta hanyar siliman Canis da ake nunawa a Plaza da Orion da Eldorado a Kano, da sauran gidajen silima na Kaduna da Jos. Yaro ya fito daga silima sai ya kama tsalle yana shurin bango yana ihu, a ce ai kareti yake yi. Alhali Bruce Lee, wanda ya mutu a 1973, kunfu na ƙasar Sin ya koya tun yana yaro a Hongkong. Kareti kuwa daga tsibirin Okinawa na ƙasar Japan ya fito, kuma wani malamin makaranta mai suna Gichin Funakoshi ne ya kai shi Tokiyo a 1922. Ma'anar sunan ita ce hannu wofi, watau faɗa ba makami. Tsarin ɗamara, daga fara har zuwa baƙa, aro shi aka yi daga judo, wanda Jigoro Kano ya kafa a 1882. Sunan mutumin ke nan da Japananci, ba shi da wata dangantaka da Kano ta Dabo.

Gasar kareti iri biyu ce. Akwai kata, inda ɗan wasa yake fitowa shi kaɗai ya jera wasu naushi da shuri da kariya da aka tsara tun kaka da kakanni, alƙalai su ba shi maki bisa ga ƙarfinsa da saurinsa da tsabtar motsinsa. Akwai kumite, inda mutum biyu suke karawa a kan tabarma mai faɗin mita 8 kowane gefe, har tsawon minti 3 ga manya. Naushi mai kyau maki 1 ne, shuri a jiki maki 2, shuri a ka ko bugun wanda aka kayar maki 3. Wanda ya ba abokinsa tazarar maki 8 ya gama wasa. Sai dai sharaɗin shi ne bugun da aka kai fuska ko wuya ya zama an riƙe shi, ya isa wurin amma kada ya yi ɓarna. Ƙwarewar da ake nema ke nan, a nuna za a iya kashewa amma a janye hannu. Abin da ya kayar da Hamedi ke nan.

Wannan doka ba don tausayi kaɗai aka yi ta ba. Shugabannin wasan sun yi shekara hamsin suna neman shiga Olamfik, kuma sun san Hukumar Olamfik ta Duniya ba ta son wasan da za a riƙa kwasar matasa ana kaiwa asibiti a gaban talabijin. An kafa ƙungiyar kareti ta duniya a 1970, aka yi gasar duniya ta farko a Tokiyo a wannan shekarar. Amma sai 1999 Hukumar Olamfik ta ba ƙungiyar cikakkiyar amincewa, kuma babban abin da ya jawo jinkirin shi ne rarrabuwar kai. Kareti gida-gida ne: akwai Shotokan, da Goju-ryu, da Shito-ryu, da Wado-ryu, ga kuma Kyokushin waɗanda su duka suke yi na gaske a jiki. Ƙungiyoyi biyu suka daɗe suna ja-in-ja, kowace tana cewa ita ce uwar wasa. Kafin su gama rigimarsu judo ya riga ya shiga tun 1964, takwando na Koriya kuma ya zama wasan lamba a Sidni a 2000. An nemi a sa kareti a 2005, aka sake nema a 2009 da 2013, duk ba a dace ba.

Ƙofar da ta buɗe daga baya ƙarama ce. A 2014 Hukumar Olamfik ta yi sabuwar doka cewa garin da zai karɓi baƙuncin wasanni yana iya ƙara wasu wasanni nasa na wannan karo kaɗai. Japan ta zaɓi kareti, aka amince a 2016. Lambobin zinariya 8 aka ware, 2 na kata, 6 na kumite, kuma kowane aji mutum goma ne kacal ko kusa da haka daga duniya baki ɗaya. Nijeriya ba ta samu ko gurbi ɗaya ba. Tun kafin a buga wasan farko ma an san ƙarshen labarin, domin a Fabrairun 2019 masu shirya wasannin Faris na 2024 suka fito da jerin nasu, ba kareti a ciki, sai rawar birekin da hawan bango da wasan allo mai taya da hawan igiyar ruwa. Abin dariya, a Tokiyo Bafaranshe Steven Da Costa ne ya ci zinariyar masu kilo 67, ya koma gida ya tarar ƙasarsa ba ta da filin da zai kare lambarsa. Los Anjalas ma da ta fito da nata na 2028 sai ta ɗauki kurket da sikwash da wasu wasannin Amurkawa, ta bar kareti a waje, ta bar rawar birekin ɗin ma.

Wani zai ce ina ruwan mai sayar da goro a Shagamu ko mai canji a Ikko da abin da Turawa suka yanke a ɗakin taro. Ruwansa shi ne yadda ake raba kuɗin wasanni a ƙasar nan. Gwamnati ba ta cika tuna ɗan wasa ba sai Olamfik ko gasar Afirka ta matso, a saki kuɗi a makare, a tara 'yan wasa a sansani na 'yan makonni, a tafi a dawo a kafa kwamitin bincike. Haka aka je Landan a 2012 aka dawo hannu rabbana, haka aka sake yi a Faris a 2024. Bayan kunyar Faris, a watan Oktoba na 2024, Shugaba Tinubu ya rushe ma'aikatar wasanni ya mayar da aikin ga Hukumar Wasanni ta Ƙasa, ya naɗa Shehu Dikko shugabanta. A cikin tsari irin wannan, wasan da ba shi da lamba a Olamfik a ƙarshen layi yake tsayawa, kuma tallafin horo da Hukumar Olamfik take ba 'yan wasan ƙasashe matalauta don shirin Olamfik ba ya isa gare shi. Saboda haka yaron da ya ƙware a kareti a yau, iyakar inda zai kai shi ne gasar ƙasa, da gasar Afirka, da gasar duniya ta ƙungiyarsu, in ya samu mai biya masa kuɗin jirgi.

Ba ƙaramin fili ba ne wannan ɗin ma, kuma Masar ta nuna abin da za a iya yi da shi. A daren da aka kori Hamedi, wata budurwa 'yar Masar mai karatun haɗa magunguna, Feryal Abdelaziz, ta ci zinariyar mata masu nauyin da ya wuce kilo 61, ta zama mace ta farko a tarihin ƙasarta da ta ci zinariyar Olamfik. 'Yar ƙasarsu Giana Farouk ta samu tagulla. Wannan bai faɗo daga sama ba. Alƙahira ta karɓi gasar kareti ta duniya tun 1988, kuma a kulob-kulob na unguwanni da cibiyoyin matasa yara suke farawa tun suna firamare, a yi ta tankaɗe da rairaya har a fitar da zakara. A gasar Afirka da aka yi a Akara a watan Maris na 2024 Masar ta tashi da zinariya sama da 100, Nijeriya ta zo ta biyu da 47. Duk wanda ya duba yadda Masar take tara nata zai ga wasannin faɗa da na ɗaga nauyi suna da kaso mai tsoka, domin kowane ajin nauyi lamba ce mai zaman kanta. Ƙwallon ƙafa kuwa, da mutum goma sha ɗaya da miliyoyin da yake ci, lamba ɗaya tak yake kawowa.

Nan ne lissafin gwamnatocin jihohin Arewa yake ban mamaki. Kusan duk abin da aka ware wa wasanni yana tafiya ne ga ƙungiyar ƙwallon jiha, sauran wasanni kuwa sai ofis da sakatare da tsohuwar tabarma. An fara bikin wasanni na ƙasa a Ikko a 1973, zamanin Janar Gowon, don a haɗa kan matasa bayan yaƙin basasa. Kaduna ta karɓe shi a 1977 da 2009, Bauchi ma ta karɓa sau biyu. Amma a bukukuwan baya-bayan nan, na Abuja a 2018, da na Binin a 2021, da na Asaba a 2022, da na Abekuta a 2025, Jihar Delta ce take zuwa ta ɗaya, kuma jihohin Kudu ne suke cika saman jeri. Sirrin ba boyayye ba ne. Suna biyan 'yan wasa alawus, suna ba da tukuici mai kauri ga kowace lamba, kuma ɗan wasa ba ya tambayar garin ubansa in an zo maganar wanda zai biya shi. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga yaro mai sunan Arewa, haifaffen Sabo ta Badun ko Agege, sanye da rigar wata jihar Kudu yana karɓar lamba. Ba a ga laifinsa ba. Inda aka san darajar goro nan ake kai shi.

Tarihin lambobin Nijeriya ma ya isa ya nuna inda albarka take. Lambar Olamfik ta farko da ƙasar nan ta samu a damben zamani ne, ta hannun Nojim Maiyegun a Tokiyo a 1964. Isaac Ikhouria ya biyo baya a 1972, Peter Konyegwachie ya ci azurfa a 1984, aka samu azurfa biyu a 1992 da tagulla a 1996, duk a dambe. Chika Chukwumerije ya ci tagullar takwando a Bejin a 2008, kuma sanin kowa ne mahaifinsa, Sanata Uche Chukwumerije, ya tsaya masa da aljihunsa. Blessing Oborududu ta ci azurfar kokawa a Tokiyo a 2021, daga Bayelsa, jihar da ta ɗauki kokawa da gaske. In aka duba jerin nan sai a tambaya: ina yankin da ya haifi Shago da Ɗandunawa da Ado Ɗan Kore, wanda kowane gari nasa yake da filin dambe da na kokawa in kaka ta yi?

Maƙwabta sun ba da amsa irin tasu. Jamhuriyar Nijar ta samu lambar Olamfik ta farko a 1972 ta hannun ɗan dambe Issaka Daborg, ta jira shekara 44, sannan Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ci azurfar takwando ta manya a Riyo a 2016, a shekarar da ta biyo kuma ya zama zakaran duniya a Koriya. A Jamus ya yi horonsa na ƙarshe, da tallafi irin wanda wasan Olamfik kaɗai yake samu. Da kareti ya zaɓa, da wuya a ce wannan hanya ta buɗe masa. Kuma Nijar ɗin nan tun 1975 take shirya gasar takobi ta kokawar gargajiya, jiha-jiha, da alƙalai da doka ɗaya da kyauta daga gwamnati, har ƙasa ta tsaya cik in ana wasan ƙarshe.

To, uban da ɗansa ko 'yarsa ta zo da maganar kareti fa? In manufa ita ce tarbiyya da lafiyar jiki da kare kai, kareti yana yi, kuma dokar nan ta riƙe hannu ta sa rauni mai tsanani ya yi ƙaranci in aka gwada da dambe. In kuwa mafarkin Olamfik ake yi, takwando da judo da kokawa da damben zamani su ne suke da ƙofa a buɗe. Sai dai a lura da 'yan kasuwa. A waɗannan wasanni tagulla biyu ake bayarwa a kowane aji, saboda haka ajin da mutum huɗu kawai suka shiga kowa zai koma gida da lamba a wuya, ko da bai ci wasa ko ɗaya ba. Wasu masu shirya gasa sun gane wannan, sai su yanyanka aji-aji, su karɓi kuɗin shiga, su sa wa taron suna mai ƙasa-da-ƙasa saboda an gayyato mutum uku daga Kwatano. Haka ma jarrabawar ɗamara, kowane mataki da kuɗinsa. Baƙar ɗamara ta gaskiya tana cin shekara uku zuwa biyar ana horo ba fashi, wanda ya ce zai ba yaro ita cikin wata tara kuɗin uban yake so. Tambayar da ta kamata a yi wa malami ita ce ko yana da rajista da hukumar kareti ta jiha da ta ƙasa, kuma mutum nawa ne suka kara a ajin da aka ci lambar.

Akwai iyayen da suke ja da baya saboda sunkuyon gaisuwa da ake yi kafin wasa, wanda suke ganin ya yi kama da ruku'u, da kuma maganar suturar 'ya'ya mata. Ta farko magana ce ta malamai. Ta biyu kuwa ƙungiyar duniya ta warware ta tun 2013, da ta amince mata su yi gasa da ɗankwali mai rufe gashi, kuma ƙasashen Masar da Iran da Turkiyya da Maroko suna cikin waɗanda suka fi kowa ƙarfi a wasan. A Ikko ma Hajiya Zainab Saleh ta daɗe tana ɗaukar nauyin wata gasa ta mata zalla, wadda 'yan wasa suke zuwa daga jihohi da ƙasashen maƙwabta. Aikin mutum ɗaya ne, ya kuma fi abin da ma'aikatun jihohi da dama suka yi wa wasan.

Sauran magana ta dambe ce. Wasan da aka sani na rundawa ne, na bayan girbi, yanzu ya shiga intanet, miliyoyin mutane a ƙasashen da ba su san inda Gusau take ba suna kallonsa. Kamfanoni sun shigo, irin su African Warriors na Maxwell Kalu, suna kawo ajin nauyi da ƙayyade lokaci da likita a gefen fili. Dambe da kokawa da langa suna cikin wasannin gargajiya na bikin wasanni na ƙasa. Duk wannan ci gaba ne, musamman maganar likita, domin 'yan damben da suka tsufa da karyayyen hannu da tsinken haƙori da ciwon kai, ba fansho ba inshora, ba su ƙirguwa. Amma masu cewa saura ƙiris dambe ya shiga Olamfik su dubi kareti, wanda ake yi a ƙasashe kusan 200, ya yi shekara hamsin a bakin ƙofa, aka ba shi kwana uku. Kuma su dubi abin da ya biya. Sai da ya mayar da kisa laifi kafin a karɓe shi. Damben da aka cire wa kisa, aka kwance masa zare aka sa safar roba, aka hana laya da kirari da kalangu, 'yan kallon Kudu da Arewa da Guramada da Jamus ba za su biya kuɗin ƙofa su gan shi ba.

Abin da dambe zai iya ɗauka daga tarihin kareti shi ne illar rarrabuwa. A yau kowane gidan dambe da dokarsa, kowane kamfani da yarjejeniyarsa, kuma ɗan damben da bai iya karatu ba yana dangwala hannu a takardar da ta ba wani ikon sayar da hotonsa har abada a kan kuɗin wasa ɗaya. Ba wata hukuma guda da za ta ce wanda aka sumar yau kada ya sake shiga fili sai bayan wata guda, kamar yadda ake yi a damben zamani. Sarakunan Hausawa na Ikko da Badun da Fatakwal, waɗanda a unguwanninsu ake kafa filayen nan, suna da bakin da za su sa sharaɗi kafin a buga kalangu, ko da likita ne da motar asibiti da shaida a kan kowace takarda.

Ƙungiyar kareti ta duniya ta mayar da begenta ga Birisben ta ƙasar Ostareliya, mai karɓar wasannin 2032. A gida kuwa, a Abekuta aka miƙa wa Jihar Inugu tutar bikin wasanni na gaba, kuma a kasafin kuɗin jihohin Arewa goma sha tara za a ga ko akwai wadda ta ware abin sayen tabarma da albashin koci.